Ƙofa Mai Makulli Biyu

Nan inda nake kwana da tocila da gora,
arewa da Gumel, dab da bakin iyaka,
gonar riɗin babana ce, Nomau ɗan Jatau.
Tsamiyar da muke ɗaure jaki
yanzu tana cikin waya,
ita ma an yafe mata haraji.

Sun ce yanki ne mai 'yanci.
Na tambayi Tsalha mai shayi, 'yancin wa?
Ya ce na kaya ne, Ilu,
buhun zoɓo ya fi ka fasfo.

Suna biyu ne a allon bakin ƙofa:
na gwamnati a sama,
na kamfani a ƙasa, amma baƙaƙensa sun fi ƙiba.
Ranar buɗewa almakashi ɗaya suka riƙe.
Gwamnati ta kawo ƙasa, wato tamu,
kamfani ya kawo injin sheƙa da janareta,
mu muka ɗauko bencina daga firamare.

Ba zan ci haƙƙin kowa ba.
Tabawa ƙanwata tana tsintar zoɓo a rumfa ta uku,
duk Alhamis kuɗinta na faɗowa a waya,
ta yi wa ɗakinta kwano kafin ruwan fari.
Ni ma ga kaki, ga takalmi,
ko da yake ya matse mini ɗan yatsa.

Amma da famfon burtsatse ya mutu a watan azumi
na je wurin na sama,
ya ce yarjejeniya ta ɗora wa kamfani.
Na je wurin na ƙasa,
ya buɗe shafi na arba'in da ɗaya,
ya ce ruwan ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne.
Ɗakin famfo makulli biyu gare shi,
masu su ba sa zuwa rana ɗaya.
Kwana goma sha tara muna shan ruwa da na jarka.
Jakin tarayya, kowa na hawa,
wa zai duba masa baya?

Jiya, bayan ruwan dare,
na ga riɗi ya tsiro a tsagin siminti
ta gefen sikelin manyan motoci.
Ganye huɗu.
Babu shi a shafin kowa.

Ban rubuta shi a littafin gadi ba.
Na dai kewaye shi da duwatsu uku
saboda tayar tirela.