Gefen Tagulla

A Dundee, inda ruwan sama ba ya sallama,
ina da ɗaki a saman shagon mai gyaran agogo
da akwatin katako mai aljihu goma sha biyu.
Shekara talatin na yi ina raba wasiƙu a garin nan.
Yanzu matattu nake bi gida-gida.

Ran Asabar na je gwanjo.
Tsakanin cokulan shayi da tsohon tabarau
ga lambar yaƙi ta tagulla, ƙyallenta ya koɗe
kamar bakan gizon da ya sha wanki.
Fam goma sha takwas. Ba wanda ya ɗaga hannu sai ni.

Fuskarta ba ta faɗin komai:
mace mai fukafukai, hannu a sama,
iri ɗaya aka buga wa dubun dubata.
Maganar tana gefe, sai ka karkata ta ga fitila:
alƙaluma shida, sannan suna,
Kofur Lachlan Imrie.

Biyu aka ba shi, na sani. Ina ta azurfar?
Azurfa tana da kasuwa. An narka ta tuntuni,
ta zama gawayin hunturu ɗaya
ko takalmin yaro.
Tagulla ta tsira don ba mai so.

Na bi takardu. Ɗan masaƙar buhu, shekara sha tara.
Harsashi a cinya, bakin wani kogi a Faransa.
Ya dawo, ya koma masaƙa.
Daga nan takarda ta kama bakinta.

Sai na rubuta wasiƙa, ni da na saba kai ta wasu.
Jikarsa Ishbel ta hawo matakalata da sanda,
tana hutawa a kowace ta uku.
Ta juya lambar, babban yatsanta ya faɗa wani lotsi,
ta yi dariya har da tari.

"Ai sawun ƙafar tebur ne," ta ce.
"Teburin kicin ɗinmu gurgu ne, kamar mai shi.
Shekara arba'in tana ƙasa, don kada miya ta zube.
Bai taɓa rataya ta a ƙirji ba.
Bai taɓa cewa Faransa ba.
Amma in an yi tsawa sai ya fita lambu,
ya durƙusa cikin ruwa yana cirar ciyawa,
yana kiran wani Dod.
Ba mu san wane ne Dod ba."

Na miƙa mata. Ta ture hannuna.
"Riƙe. Kai ka tambaya.
Mu muna tare da shi, ba mu tambaya ba."

Ban goge lambar ba.
Lotsin yana nan, da ɗan baƙin ƙasan kicin a ciki.
Daren jiya na buɗe jerin sunayen rundunarsa
har agogunan ƙasa suka buga biyu, kowanne a lokacinsa.
Mutum huɗu za a iya kira Dod.
Ɗaya ya dawo gida.
Na bar aljihu uku a buɗe.