Jan Kifi a Garin Ƙishi

A Damagaram, inda ake auna ruwa da bido,
ni ce mai kiwon kifi a akwatin gilashi.
Ɗan Zinari, in ji Tsahara.

Ran Talata ya ƙi abinci,
wutsiya a naɗe,
yana goga jiki da tsakuwa.
Na haska tocila: fararen ɗigo,
kamar an barbaɗa masa garin gero.

Gambo Kyari, tsohon masuncin Gidimuni,
ya leƙa, ya tuntsure da dariya:
"Shekara talatin ina kashe su,
yau an kira ni jinya!"
Ya sansana ruwan.
"Ƙauna ce ta yi masa yawa. Ku rage ci.
Ku kwashe sulusi, ku zuba wanda ya kwana.
Gishiri cokali ɗaya, ban ce biyu ba."

Famfon Garin Malam ya yi shiru kwana huɗu,
na ba shi ruwan wankana.
Da wuta ta ɗauke, Tsahara ta zauna
tana kaɗa masa ruwa da ludayi
har barci ya sace ta.

Kwana na tara, da asuba,
ya taso, ya buɗe baki.
Ba godiya ba ce. Yunwa yake ji.