Mai Awo a Ƙofar Tashar Wuta

Ni ne Harnek, mai riƙon littafin awo
a ɗan ɗakin kwano, bakin sikeli,
inda taraktocin Mansa ke jeruwa tun asuba
da dammunan karan shinkafa, tsayin bene,
direbobi na kurɓar shayi suna tsine wa layi.

A bayana tanderu ne, bai san ƙoshi ba.
Ba shi gonar mutum guda,
ya lashe ta kafin ka gama naɗa rawani,
ya mai da ita tururi, tururi ya juya ƙarfe,
ƙarfe ya kora haske cikin waya
zuwa biranen da ba su san ƙaiƙayin tattaka a wuya ba.

A bango an manna takardar gwamnati,
ƙudaje sun ƙara mata ɗigo.
Ta ce kara dukiya ne, kada a ƙona.
Ta ce nan da shekara kaza, kashi kaza
na wutar ƙasa zai fito daga abin da ke sake tsirowa.
Ban ƙaryata ta ba.
Na ga Nuwambar da rana ta koma jan kwabo,
'yata na tari har sai ta dafa ƙyaure.
Sai dai takarda ba ta san kwana goma sha biyun nan ba
tsakanin yankan shinkafa da shukar alkama.
Ƙasa ba ta jiran sa hannun kowa.

Injin ɗaure dami ɗaya ne a ƙauye bakwai,
ya haddace hanyar mai eka ɗari.
Mai eka biyu sai dai ya jiyo rurinsa daga nesa
kamar kiɗan bikin da ba a gayyace shi ba.
Ashana kuwa rupi ɗaya ce.
Can sama da gajimare akwai ido mai ƙirga hayaƙi,
tara na isowa toka ba ta huce ba.

Ran Talata Bibi Sukhwant ta zo,
amalanken shanu a tsakiyar manyan tayoyi,
ita da jikanta suka ɗaure da igiya, dare uku,
tafin hannunta duk tsaga.
Na soka sandar awon danshi.
Ashirin da shida. Ƙa'ida ta ce ashirin.

Ta ce, "Raɓa ce, ɗana.
Raɓar ma ni na saukar da ita?"

Biro ya yi mini nauyin galma.
Lamba ɗaya zan karkata, wa zai sani?
Tanderu zai sani. Jiƙaƙƙen kara ba ya karɓar cin hanci.

Na ce ta ja bayan shinge.
Da rana ta take, na bar gurasata a ƙunshe,
ni da Pargat mai gadi muka kwance igiyoyi,
muka baje gonarta a kan siminti
muna juyawa da ƙafa kamar masu shanyar barkono.
Shanun suka kwanta a inuwar bututun hayaƙi.
Da inuwa ta yi tsawo na sake sokawa:
goma sha tara.

Na yago rasit. Kuɗi sai bayan mako shida.
Ta ƙulle shi a bakin mayafi, ƙulli biyu,
ta ɗaga kai tana bin wayoyi da ido.
"Wacce ce mai zuwa ƙauyenmu?"
Shekara tara ina nan, ban taɓa tambaya ba.
Na nuna mata ɗaya. Allah ya sa ita ce.

Da dare na hau keke, ƙyalle a hanci.
Dama wuta, hagu wuta,
gonaki na ci kamar an yi musu laifi.
An ɗauke lantarki a ƙauyensu tun magariba.
A tsakiyar jan nan duka
eka biyu na kwance baƙi ƙirin, da sanyinsu,
suna jiran alkama.