Ta Zo Mu Gan Ta

Tana da shekara uku sanƙarau ya ratsa Birni.
Ya ɗauki ɗan maƙwabta, ya bar mana Barira,
amma ya tafi da jinta, kamar mai karɓar jinga.
Ni baduku ne. Na san fatar da aka huda
ba ta komawa yadda take.

Da dare Iya Gambo kan baje tabarma,
ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."
Yara su amsa, "Ta zo mu ji ta."
Barira ta kalli baki biyar suna buɗewa tare,
sannan ta dube ni.
Sai in sunkuya, in ci gaba da ɗinkina.

Wata Alhamis na shiga Kasuwar Dole neman zare,
na ga littafi a ƙasa, cikin tsofaffin takardu.
Ya ce dala sittin, na ce arba'in, ya sallama.
Wani yaro ne a ciki, yana wasa da ƙanƙara,
da karensa mai riga.

Ta buɗe, ta rufe, ta shinshina.
Ta ga karen, ta saki dariyar nan tata
wadda ba ta san iyakar ƙarfinta ba.
Can sai ta dafa ƙirji, ta juya tafin hannu sama:
ni fa, ina nake?

Shafi goma sha shida ne.
Na duba sau biyu. Ba ta ciki.

Mutari yayanta ya ciro tsakiyar kayensa na lissafi,
ya sha faɗan mushe washegari, bai faɗa mana ba.
Uwarsu ta jiƙa ƙaro a murfin kwano.
Iya Gambo ta kawo labarin jar akuya
da ta hau duwatsun bayan gida neman ruwa.
Ni na yanko fatar da na ɓoye wa jakar wani alhaji,
na yi bango, na bi shi da basilla.

Barira ta karɓi fensir.
Ta goge buɗaɗɗen bakin akuyar.
Tata akuyar ba ta kuka,
da kofato take jin ruwa yana tafe ƙarƙashin dutse.
Ba mu yi gardama ba.
Duk gidan nan wa ke riga ta sanin ruwa ya dawo famfo?
Hannunta kan bututu yake kwana.

Daren da za ta karanta mana aka ɗauke wuta.
Ban taɓa lura ba sai ranar:
duhu yana rufe wa hannu baki.
Uwarta ta kunna fitilar salula, ta ɗaga.
Yatsu goma suka tashi,
da abin da ta koyo a lakwal ɗin kurame,
da abin da muka ƙaga a gida,
kunnen akuya, dutse, ƙishi, rawar ƙasa.
Yara suna bin ta, suna kyakyatawa.
Ni rabi ya wuce ni.

Ta lura. Ta taɓa gwiwata,
ta maimaita a hankali, tana zaro ido,
daidai yadda nake yi mata shekara biyar.
A kan wannan tabarma, ashe ni ne kurma.

Yanzu Iya Gambo, da yatsunta masu sanyin ƙashi,
takan ɗaga littafin sama kafin ta ce komai.
Yara su kai yatsa biyu ga idanunsu:
ta zo mu gan ta.

Bangon ya sha maiƙon miya,
akuyar gidanmu ta cinye kusurwa ɗaya.
Jiya Barira ta ɗaga mini yatsu biyu,
ta nuna littafin, ta nuna ni, ta yi alamar basilla.
Kayen Mutari ya ƙare.
Gobe Alhamis.