Ban Sani Ba Tukuna

Ranar Litinin na rubuta a allo: BINCIKE.
Allin ya karye a harafin ƙarshe.
Su sittin da uku ne, aji biyu na ƙaramar sakandare,
a ɗakin da aka gina don arba'in,
kusa da Ƙofar Doka, inda ƙarar tifa
kan cinye rabin abin da na faɗa.

Na ce kowa ya zo da tambaya guda.
Lurwanu ya ce shi a kan ruwa zai yi.
Wane ruwa?
Na duniya, Malama.
Na ce yaro, da moɗa za ka kwashe Galma?
Muka yi ta ragi kamar masu ciniki a Tudun Wada,
har muka tsaya a rijiyar gidan kakansa a Jushi:
me ya sa take riga ta maƙwabta ƙafewa?
Na ce wataƙila burtsatsen sabon benen nan ne.
Ya rubuta, tunda Malama ce ta faɗa.

Mardiyya ta riga kowa kawowa.
Shafi huɗu tas, ko gogewa babu,
Turanci mai ƙwas-ƙwas da takalmi.
Na ɗora yatsa a kan kalma ɗaya: mece ce wannan?
Ta dubi silin, ta dubi ƙafarta.
Wayar yayanta ce ta yi gumin.
Na ce rufe, faɗa mini yadda za ki faɗa wa Inna.
Ta faɗa tana inda-inda.
To, shi za ki rubuta.
Yana ɗingishi, amma da ƙafarki yake tafiya.

Bilhatu 'yar Wusasa ta ce,
Malama, kin ce kowace magana a nuna tushenta.
Ni kakata ta ba ni labarin karɓar haihuwa da fitilar ƙwai,
kuma Kaka ba ta da lambar shafi.
Aji ya kwashe da dariya.
Na ce sa sunanta, sa ranar,
sa cewa a gindin mangwaro kuka zauna.

Nafi'u kuwa littafinsa kullum ramewa yake.
Kuskure ɗaya, ƙiii, ya yage shafi.
Na ce babanka ba aikin babbar riga yake a Kwarbai ba?
Allura yake fara sokawa?
A'a, zane yake fara yi.
In zanen ya karkace fa?
Ya goge, ya sake.
Shaddar, yaga ta yake?
Ya sunkuya yana murza biro.
Washegari ya zo da shafi duk kibiyoyi da soke-soke,
yana ɓoye shi da gwiwar hannu.
Na ɗaga wa aji: ga abin da ake kira daftari.

Mako na uku, jaka cike da takardu,
na hau keke napep zuwa Gyallesu.
An ɗauke wuta. Na jingina waya da kofin shayi,
jan biro a hannu, sauro a kunne.

Can wajen sha ɗaya na iso kan na Lurwanu.
Ya zura guga kullum da asuba,
ya ƙulla igiya, ya auna da taƙi, kwana goma sha tara.
Ya je gidan benen ma, ya tambayi maigadi.
Sai ga shi a shafi na biyu, da rubutu kamar tafiyar kaza:
Malama ta ce burtsatse ne.
Amma an haƙa shi bara,
rijiyarmu kuwa tun ina firamare take haka.
Dalilin, ban sani ba tukuna.

Na daɗe riƙe da biron.
Akwai kuskuren rubutu bakwai a shafin, na ƙirga.
Na bar su sai gobe.
A gefen layin ƙarshe na rubuta:
Ni ma haka. Ci gaba da aunawa.