Ɗumin da Ba na Rana Ba

Na hau hasumiyar rezo ta Wadata bayan Asuba,
igiya a ƙugu, sufana a aljihu.
Tawa a ƙasa kamar gero an baza a tabarma,
tabkin Babaye ya ƙanƙance ya koma idon kaza.

Na manta ban ce a kashe antan ba.
Sai ga ɗumi a kumatuna,
rana ba ta fito ba, kuma babu murhu a sama.
Irin ɗumin wanda ya matso zai raɗa maka magana,
sai ya fasa.

Da dare na kira Balkisa a Yamai,
ƙanwata mai leƙen ƙwayoyin halitta a madubin awo.
Faɗa ta fara yi, sannan ta ce:
Yaya Illiyasu, kai fa tulu ne, fiye da rabinka ruwa.
Kowace ƙwaya a jikinka 'yar salka ce,
da fatarta siririya,
da gishiri ciki, da gishiri waje.
Igiyar nan ba ta da haƙoran
da za ta tsinke zaren gado da ke ƙunshe a tsakiya.
Ruwan take juyawa,
dama, hagu, dama, hagu,
sau miliyoyi kafin ka ƙifta ido,
gogayyar ce ke zama zafi.
A ƙasa bai kai tururin shayi ba.
A bakin antan kuwa ƙuna ce,
ido ya fi shan wuya, don ba jinin da zai kwashe masa zafin.

Na ce, shi ke nan?
Ta ja numfashi.
Ta ce, abin da muka auna ke nan,
saura muna nan muna tambaya, ba zan yi maka rantsuwa ba.

Na kwanta ina lissafin abin da ya ratsa ni da safe:
matar da ke tambayar mijinta a Abijan yaushe zai aiko,
kuɗin albasa,
sanarwar suna, wataƙila ta rasuwa.
Duk sun bi ta naman fuskata,
ban ji ko kalma ɗaya ba,
ruwan jikina ne kawai ya amsa.

Kafin mu yi sallama na ce, ga shi kunnena ma ya yi ɗumi.
Ta ce, wannan batirin salularka ne, ya tsufa.
Gobe ka sa a kashe kafin ka hau.