Shafin da Gara Ta Ci

Ran Asabar da wuri nake buɗe ƙofa,
kafin masu ƙosai su sauke kasko a Rafin Daɗi.
In share ɗaki, in shimfiɗa tabarmi uku,
ta huɗun ɓera ya yi mata taga,
sai mu ninka ta mu ba ƙananan.

Su goma sha bakwai ne a rajista,
amma takalman bakin ƙofa sun fi haka,
don Barira ba ta zuwa sai da ƙanne biyu,
ɗaya a hannu, ɗaya a baya yana tsotsar yatsa.

Dokarmu guda ce: a wanke hannu.
Littafi ba ya shiri da man ƙuli-ƙuli.

Mako biyar muna bin sawun wani ɗan raƙumi
da ya ɓace wa ayari a daren hadari.
Kowa ya karanta shafi, ya miƙa wa na kusa.
Tasi'u kaɗai ke miƙawa bai buɗe baki ba.
Harshensa kan sarƙe tun a harafin farko,
yara su ƙyalƙyale, ni in yi gyaran murya,
shi ko ya ƙura wa babban yatsansa ido.

Ranar da za mu kai ƙarshe
aka ɗauke wuta, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya.
Lantana ta buɗa shafi na sittin da ɗaya,
sai ga bango.
Gara ta riga mu.
Ta cinye ƙarshen labari tas, ta bar mana ƙasa
da rabin kalma a gefe kamar wutsiyar ƙadangare.

"Malam, ya ga uwarsa?"

Shekara ashirin ina buga hatimi a katin aro,
ko a duhu na san kantar kowane littafi,
amma wannan ban taɓa karanta shi ba.
Na sosa ƙeya.
Na yagi tsohuwar rajista, na raba musu fallaye,
na ce kowa ya je gida ya nemo raƙumin.

Mako ya zagayo, ruwa ya kwana yana zuba.
Na ce yau ba mai zuwa.
Sai ga su da taɓo har ƙauri,
takardu a ƙunshe cikin ledar burodi.

Nafi'u ya sa kura ta cinye shi, aka yi masa ca.
Lantana ta kai shi kasuwar Mai'aduwa,
wani mai tausayi ya saya, ya ba shi dusa.
Barira ta ce ƙannenta suka tsince shi bayan Ƙofar Guga,
yanzu haka yana ɗaure a gidansu,
wanda bai yarda ba ya zo ya gani.

Sai Tasi'u ya miƙe, ba wanda ya kira shi.
Takarda na rawa a hannunsa.
"Ra… ra…"
Ɗaki ya yi tsit, har ɗigar indararo ana ji.
Na cije leɓe, ban ƙarasa masa ba.
A nasa labarin, ɗan raƙumin bai iya kuka da ƙarfi ba,
sai uwar ta ja ta tsaya, ta bar ayari ya wuce,
ta kasa kunne
har ta ji shi.

Ya daɗe kafin ya kai aya.
Ba wanda ya yi dariya.
Ƙanen Barira ma ya cire yatsa daga baki.

Da yamma na sayo gam a shagon Ɗanlami,
na liƙa fallayen duka a bayan littafin,
har bango ya ƙi rufuwa,
ya yi tulu kamar akuya mai ciki.
In mai duba kaya ya zo daga ma'aikata
zai rubuta an ɓata dukiyar gwamnati.
To, ya rubuta.

Na dai zuba magani a ƙafafun kanta,
aikina ke nan, da shi nake ci.
Amma da zan gamu da garar da ta ci shafin nan,
kafin in taka ta
sai na ce mata sannu da aiki.